Ina shafa mai sau uku a rana, me ya sa fatata ke ƙara bushewa a lokacin sanyi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Tun da sanyin bana ya kankama fatata ta ƙi lafiya. Ƙwaurina ya yi furu-furu, da dare ƙaiƙayi ya hana ni barci, diddigena ya fara faso, leɓena kuma kullum a tsage. Ina wanka da ruwan zafi safe da yamma, ina dirje jikina da soso sosai don farin dattin nan ya fita, ina shafa mai har sau uku a rana, na kuma ƙara yawan ruwan da nake sha, amma shiru. Mahaifiyata mai shekara 72, wadda ke da ciwon suga, nata ya fi nawa muni. Wane mai za mu nema?

Amsa: Malama, sannu, Allah ya ba ku lafiya ke da Mama. Tambayarki ta tsaya a kan man da za ku nema, kuma zan faɗa miki. Sai dai in na ba ki sunan mai kawai na sallame ki, bayan mako biyu za ki dawo ki ce shi ma bai yi ba, domin abin da ke cinye amfanin man yana cikin bayanin da kika yi da bakinki: ruwan zafi sau biyu a rana, da soso, da dirza. Abin da kike bai wa fatar da hannun dama kina karɓe shi da na hagu.

Saman fatar da kike taɓawa matacce ne. Ƙwayoyin halitta ne da suka gama aikinsu suka mutu suka baje, suka jeru hawa-hawa, kamar hawa 15 zuwa 20 a yawancin jiki, kuma kaurinsu duka bai kai na silin gashi ɗaya ba. Masana sukan kwatanta wurin da katangar bulo. Matattun ƙwayoyin su ne bulo, a tsakaninsu kuma akwai wani maiƙo da fata ke haɗawa da kanta, shi ne siminti. Kusan rabin wannan maiƙon wani abu ne da ake kira seramid, sauran kolestarol ne da wasu nau'o'in kitse. A cikin kowane bulo akwai sinadarai masu jan ruwa su riƙe. Aikin wannan siririyar katanga shi ne ta hana ruwan cikin jiki bin iska, ta kuma hana abin waje kutsowa ciki. Muddin tana nan daram, mutum ba ya ma tunawa yana da fata.

A shekarar 1952 wani masani a Amurka, Irvin Blank, ya yi wani gwaji mai sauƙi wanda har yau a kansa ake tafiya. Ya samo kaushin tafin ƙafa ya busar da shi har ya yi gautsi. Wasu gutsattsarin ya tsoma su a cikin mai iri-iri ya bar su tsawon lokaci, suka fito yadda suka shiga, da an lanƙwasa sai su karye. Waɗanda suka sha ruwa kuwa ba su daɗe ba suka yi laushi. Ya kuma gano cewa in ruwan da ke cikin wannan ɓangare na fata ya gaza kashi 10 cikin 100, sai ta daina miƙewa ta fara tsagewa. Wato mai ba ya jiƙa fata. Ruwa ke jiƙa ta, aikin mai shi ne ya tare ruwan kada ya gudu. Wanda ya shafa mai a busasshiyar fata zai ɗan amfana, saboda akwai ruwan da ke tasowa daga ciki a hankali, amma galibin abin da ya samu sheƙi ne na awa ɗaya ko biyu. Ina zargin shafawar da kike yi sau uku duk irin wannan ce.

Dalilin da ya sa abin ke tsananta da sanyi kuwa yana cikin iskar kanta. Iska mai sanyi ba ta iya ɗaukar laima da yawa. A ce an auno iska mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi: a digiri 0 na ma'aunin Salsiyos iyakar ruwan da za ta ɗauka kamar giram 5 ne, a digiri 20 giram 17, a digiri 30 kuma giram 30. To in wannan iskar mai sanyi ta shigo ɗaki aka ɗumama ta da hita ko da wuta, ruwan cikinta bai ƙaru ba, amma abin da take iya ɗauka ya ninka sau uku ko fiye. Sai ta shiga neman ruwa duk inda ta samu, daga shanya, daga cikin hanci, daga fatarki. Iska mai kaɗawa a waje ita ma tana share ɗan ɗanshin da ke kwance a kan fata. Ga gumi ya ragu, alhali a cikin gumi akwai abubuwan da ke taimaka wa fata riƙe ruwa. Ƙwauri kuma shi ne kan fara kuka saboda ƙofofin da ke fitar da maiƙo ba su da yawa a wurin, ba kamar fuska da ƙirji da gadon baya ba.

Farin abin nan da kike kira datti, ba datti ba ne. Kullum matattun ƙwayoyin da ke can sama suna zubewa ɗaya-ɗaya ba tare da an gani ba, domin akwai wasu sinadarai da ke tsinka abin da ya haɗa su da juna. Waɗannan sinadaran ba sa aiki sai da ruwa. In fata ta bushe sai ƙwayoyin su kasa rabuwa, su manne guntu-guntu, gefensu ya ɗago, haske ya buge su ki ga fari. A baƙar fata abin ya fi fitowa fili, shi ya sa yake damun mai shi fiye da kima. In kika sa soso kika dirje, guntayen za su fita, ki ga wurin ya yi sumul na ɗan lokaci, amma kin kwashe har da simintin da ke ƙasansu. Gobe furu-furun zai dawo ya fi na jiya, ki ƙara ƙarfin dirzar. A nan mutane da yawa ke makalewa har sanyi ya wuce.

Saboda haka gyaran daga banɗaki zai fara. Ruwan zafi yana narkar da maiƙon fata, yana kuma wanke sinadaran nan masu riƙe ruwa, don su masu narkewa ne a ruwa. Na san daɗin da ake ji in ruwa mai zafi ya sauka a wurin da ke ƙaiƙayi, har mutum ya lumshe ido. Bayan awa ɗaya ƙaiƙayin yakan dawo da ƙarfinsa. Ki mayar da wankan sau ɗaya a rana, da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda za ki iya tsoma gwiwar hannu a ciki ba ki janye ba, kuma kada ya wuce minti 5 zuwa 10. In kin fito jikinki na tururi, ruwan ya yi zafi. In da yamma kina jin ba za ki iya kwanciya haka ba, ki wanke wuraren da ke tara gumi kawai, ba sai kin jiƙa ko'ina ba.

Sai sabulu. Saman fata mai lafiya yana da ɗan tsami, a ma'aunin pH tsakanin 4.5 da 5.5. Sabulu na gama-gari yana wajen 9 zuwa 10, wato ɓangaren kanwa, kishiyar tsami, kuma bayan an wanke shi fata kan ɗauki awanni kafin ta koma daidai. Ƙarar nan da yatsa ke yi a jiki bayan an ɗauraye kumfa, wadda ake ɗauka alamar an fita tas, alama ce ta an kwashe maiƙon da bai kamata a taɓa ba. Ki nemi abin wanka marar ƙamshi wanda aka rubuta na busasshiyar fata ne ko an daidaita pH ɗinsa. Ko da shi ma, ba ko'ina za ki sa ba: hammata, matsematsi, ƙarƙashin nono, tsakanin ɗuwawu da ƙafafu sun isa. Ƙwauri da damtse da baya, ruwa kawai ya ishe su a yawancin ranaku, sai in sun ɓaci da wani abu. Soso mai kaushi ki ajiye shi har zafi ya dawo, tafin hannu ko tsumma mai laushi za su yi aikin. Sabulun kashe ƙwayoyin cuta da ruwan maganin da wasu ke ɗigawa a ruwan wanka don ƙaiƙayi, su ma ki bar su. Ƙaiƙayin bushewa ba na ƙwayar cuta ba ne, kuma waɗannan ƙara busar da fata suke yi.

Wurin da ya fi ko'ina muhimmanci shi ne mintunan farko bayan kin fito daga ruwa. A lokacin fatarki ta sha ruwa ta ƙoshi, kuma in kika bar ta a iska ruwan zai tafi cikin ɗan lokaci. Kada ki goge jiki da tawul, ki daddanna shi kawai ya tsotse ɗigon ruwan, ki bar jikin da ɗanshi. Nan take, kafin kamar minti uku su wuce, ki shafa man. Shi ya sa nake cewa a ajiye man a inda ake wanka, kada sai an fito an zauna an duba waya an sa kaya sannan a tuna da shi. Ki lakato da yawa, ki ɗiɗɗiga a jiki, sannan ki shafe shi daga sama zuwa ƙasa, yadda gashi ya kwanta. Ba a murza shi da ƙarfi, kuma ba a shafawa ta inda gashi ya saɓa, don hakan kan toshe ƙofar gashi ya kawo ƙuraje. Da rana in za ki ƙara, ki jiƙa tafin hannu ki shafa wa wurin ruwa tukuna, sannan man ya biyo.

Yawan man ma abin dubawa ne, kuma nan ne kusan kowa ke yin rowa. Jikin babban mutum gaba ɗaya yana cin giram 20 zuwa 30 a shafawa ɗaya, wato kamar babban cokali biyu. A Ingila, yaro mai fama da egzima, ciwon fatar nan mai tsananin ƙaiƙayi, ana rubuta masa giram 250 zuwa 500 na mai a mako guda. Ke ba ki kai nan ba, amma in kwalba ɗaya ta kai ki daga farkon sanyi har ƙarshensa, to taɓa fatar kike yi da mai, ba shafawa ba.

Yanzu ga maganar man. Abubuwan da ake zubawa a man shafawa aiki uku suke yi. Akwai masu tare ruwa, irin su basilin, da man ma'adinai, da dimetikon, da kakin zuma, da lanolin wanda ake samu daga gashin tumaki, da man kaɗe. Akwai masu jan ruwa su riƙe a fata, irin su gilisarin da yuriya da laktik asid. Akwai kuma masu cike gurbin simintin da ya zube, irin su seramid. Man kirki na lokacin sanyi shi ne wanda ya haɗa aƙalla na farko da na biyu. Mai ruwa-ruwan nan da ake matsawa ta famfo, yawancinsa ruwa ne, yana da daɗin shafawa da zafi amma bai isa ba yanzu. Ki nemi kirim mai kauri, wanda in kin buɗe robar kin kifa ta ba zai zubo ba. In da gilisarin a farko-farkon jerin abubuwan da aka rubuta a jikinsa, ko yuriya kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ya yi.

A wajen tare ruwa kuwa har yau ban ga abin da ya kamo ƙafar basilin ba. Wani masanin sinadarai, Robert Chesebrough, ne ya lura a 1859 cewa ma'aikatan rijiyoyin mai a Fensilbeniya ta Amurka suna shafa wani danƙo da ke taruwa a jikin ƙarafan haƙa a kan ƙuna da yanka. Ya tace shi, ya yi masa rajista a 1872. Tataccen basilin yana rage ruwan da ke fita ta fata da kusan kashi 98 cikin 100, alhali yawancin sauran mayuka ba sa wuce kashi 20 zuwa 30, kuma da wuya a samu wanda jikinsa ya ƙi shi. Aibinsa danƙo da kama ƙura da ɓata tufafi. Don haka nakan ce kirim da safe, basilin da dare a wuraren da suka fi lalacewa, ko a shafa kirim a bi shi da basilin kaɗan a sama. Wadda fuskarta ke yawan fitar da ƙuraje ta bar wa fuskar mai marar nauyi.

Gilisarin zalla da wasu ke shafawa ba tare da komai ba, danƙo kawai yake yi, kuma in iska ta bushe ƙwarai ba ta da ruwan da zai jawo, sai ya jawo na cikin fata ya miƙa wa iska. Yana bukatar ruwa a ƙasansa da mai tarewa a samansa. Man itatuwa kuma ba duka suka zama ɗaya ba. A wani bincike na Jami'ar Shefil ta Ingila da aka wallafa a 2013, manya sun yi makonni huɗu suna shafa man zaitun a hannu ɗaya, man sanfulawa a ɗayan. Hannun da ya sha zaitun katangar fatarsa ta raunana har ya ɗan yi ja, ɗayan kuwa bai samu matsala ba. Zaitun na da martabarsa, amma ga fatar da ta riga ta tsage ba shi zan zaɓa ba, ballantana ga jariri. Man kaɗe da man kwakwa suna yi wa jiki aiki, da sharaɗin nan dai na shafawa a kan ɗanshi.

Ki guji mai mai ƙamshi sosai, domin turare na cikin abubuwan da suka fi sa fata borin jini, kuma fatar da ta tsage komai shiga yake yi. Ki duba kada a ce akwai SLS a cikin kirim ɗin, sinadarin kumfa ne, wurinsa abin wankewa ba abin barin a jiki ba. Akwai tambayar da ba ki ba ni amsarta ba don ban yi miki ita ba: a cikin mayukan da kike shafawa akwai na ƙara haske? Da yawansu na ɗauke da sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, mai ƙarfi irin su kulobetasol, wani lokaci ba a ma rubuta ba. Yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa, ya sa jijiyoyi su fito, ya bar ta ba ta iya jure sanyi ko rana. In kin daɗe a kai kada ki yanke lokaci guda, fatar kan yi bore. Ki je a tsara miki yadda za ki janye a hankali.

Faso na da nasa tsarin. Fatar diddige mai kauri ce, ba ta da ƙofar maiƙo ko ɗaya, kuma duk takun da kika yi kitsen da ke ƙarƙashinta yana bajewa gefe. In gefen ya bushe ba zai miƙe ba, sai ya tsage. Da dare ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi minti 10, ki ɗan goge kaushin da dutse a hankali, sau ɗaya ko biyu a mako kawai. Ki shafa man diddige mai yuriya kashi 25 cikin 100, wanda ke narkar da kaushi, ki bi shi da basilin, ki sa safar auduga ki kwanta. Yuriya na raɗaɗi a buɗaɗɗen tsagu, don haka in wurin na jini ki wanke shi, ki cusa basilin, ki rufe da filasta na 'yan kwanaki har ya haɗe tukuna. Da rana takalmi mai rufe diddige ya fi silifa. Reza kuwa kada ta je wurin.

Leɓe fatarsa siririya ce, shi ma ba ya fitar da maiƙo. Lasa ce ke kashe shi: yawu ya bushe ya tafi da ɗan ruwan da ya rage, kuma a cikinsa akwai sinadaran narkar da abinci. Basilin zalla, sau da yawa a rana da kuma kafin barci. Man leɓen da ke sa ki ji sanyi-sanyi ko yaji-yaji, mai mentol ko kafur, ki jefar. Kada ki ɓare ɓawon da haƙori. Hannu kuma, duk wankewa a bi shi da kirim, wanke-wanke da wanki a sa safar roba. In hannun bai yi dattin da ake gani ba, ruwan tsabtace hannu mai sinadarin alkohol da gilisarin ya fi sabulu sauƙi a kan fata, ko da yake mutane sun ɗauka akasin haka ne.

Ulu mai kaushi yana soka fata, a sa rigar auduga a ciki kafin rigar sanyi. A ɗaki, in akwai na'urar ƙara laima a saita ta wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100, a riƙa wanke ta kada ta tara gansakuka. Kada a manne wa hita ko wuta: zama kusa da zafi kullum yana barin wani baƙin zane mai kama da raga a ƙwauri, wanda kan daɗe bai goge ba. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Mai yana shiga zare ya bushe a cikin tufafi da zanin gado, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma irin wannan yadin da ya ga wuta sai ya kama nan take. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta faɗaɗa gargaɗinta a kan haka ya haɗa da duk man shafawa na busasshiyar fata, saboda an rasa rayuka. Mai yawan shafa mai ya yi nesa da buɗaɗɗiyar wuta da kyandir da sigari.

Ruwan sha kuwa ki ci gaba da shan abin da ya kashe miki ƙishi. Wanda jikinsa bai rasa ruwa ba, ƙarin kofi goma ba zai gyara masa ƙwauri ba, fitsari kawai zai ƙaru.

Batun Mama ya fi naki bukatar kula. Da shekaru fata na rage haɗa maiƙonta, tana sirancewa, kuma in ta lalace tana jinkirin gyaruwa. In tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, shi ma yana ƙara bushewar, amma wannan ba dalilin daina shi ba ne. Tsofaffi da yawa sukan samu ƙwaurinsu ya tsattsage layi-layi masu haɗuwa da juna, yana ƙaiƙayi har yana tsattsafo da ruwa. Wannan ya wuce bushewa, ya zama nau'in egzima, kuma sai an haɗa da maganin shafawa na likita. Ita ba lallai ne ta sa wa jikinta duka sabulu kullum ba. A shafa mata man tana zaune a busasshen wuri, don mai da jiƙaƙƙen daɓe santsi ne, kuma faɗuwa a shekarunta ba ƙaramin abu ba ne. Bayanta ma a taya ta, hannunta ba ya kaiwa.

Ciwon suga na taɓa jijiyoyin ƙafa. Gumin ƙafar ya ragu ta ƙara bushewa, jinta ya dushe har ta ji rauni ko ta ƙone ba ta sani ba, jini kuma ba ya isa sosai ballantana rauni ya warke da wuri. Daga faso ɗaya gyambo kan fara. Don haka abin da na ce ki yi wa diddigenki, ita ba nata ba ne: ban da jiƙa ƙafa na tsawon lokaci, ban da dutse sai da izinin ma'aikacin lafiya, ban da jakar ruwan zafi ko miƙa ƙafa gaban hita. Ke za ki riƙa gwada mata zafin ruwa da gwiwar hannunki. Kullum da dare ki ɗaga ƙafar a haske ki duba tafin da diddigen da tsakanin yatsu. A shafa kirim a sama da ƙasan ƙafa, amma kada a sa tsakanin yatsu, a bar nan a bushe don kada ya ruɓe. In kin ga tsagu ya yi ja ko ya yi duhu, ya kumbura, ya ɗauki zafi, yana mugunya ko wari, a ranar za ku je asibiti. Sugan ma a auna, don in ya hau shi kansa yana busar da fata ya sa ƙaiƙayi.

Ke kuma, ki ba wannan tsarin mako biyu cif, kusan lokacin ke nan da saman fata ke ɗauka kafin ya sabunta. Kafin nan, in ƙaiƙayi ya taso da dare, ki ɗora tsumma mai sanyi ki ƙara mai, ki kuma yanke farce, domin susa na barin baƙin tabo da kan yi watanni a baƙar fata. In wani wuri ya yi kauri ya yi duhu ko launin toka yana ƙaiƙayi fiye da ko'ina, man haidirokotizon (sitiroyid marar ƙarfi) mai kashi 1 cikin 100 sau biyu a rana na mako ɗaya kan kwantar da shi, amma ban da fuska sai likita ya gani.

In mako biyu sun wuce ba sauƙi, to wataƙila ba bushewa kaɗai ba ce. Ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsun hannu da wuyan hannu da ƙugu, kuma wasu a gidan su ma suna susa, ƙazwa ce, kuma duk gidan ake yi wa magani lokaci guda. Tunda ku biyu ne ke fama, ki duba wannan da kyau. Tabo mai zagaye wanda gefensa ya ɗago yana faɗaɗa, makero ne, sitiroyid ƙara masa ƙarfi yake yi. Wadda tun tana yarinya kowane sanyi ƙwaurinta ke yin ɓawo-ɓawo, ko take da asma ko egzima a dangi, mai yiwuwa gado ne. A 2006 masana a Jami'ar Dandi ta Sikotilan suka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke haɗa wani furotin mai suna filagirin, wanda daga shi sinadaran riƙe ruwan nan ke fitowa, ita ke sa wasu haka. Irin wannan fatar mai take so rani da damina. Bushewa tare da yawan jin sanyi, kasala, ƙarin ƙiba da taurin bayan gida na sa a auna tayirod, wato ƙullutun da ke gaban wuya mai daidaita aikin jiki. Ƙaiƙayin jiki duka ba tare da ƙurji ba, musamman da rama ko idanu sun yi rawaya, na sa a duba ƙoda da hanta da yawan jini. Ranar da za ku je, ki tattara duk mayukan da sabulan da kuke amfani da su, da magungunan Mama a cikin kwalayensu, ki tafi da su a jaka likita ya karanta abin da ke jikinsu da idonsa.